Hirar Gareji daga Agege: Kafireta mai sukuru ko mai ƙwaƙwalwa?

Habu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Tun makon jiya ake turo mana saƙo a kan injin yankan katakon nan da ba a saita shi da hannu. Kawu Isa, ka ce an kawo maka ɗaya.

Kawu Isa: An kawo, ɗana. Wani mai yanka ne da ke shiga dazukan wajen Epe, ya zo da Stihl mai M-Tronic, wai yana mutuwa a silo. Na ɗauko sukundirebata kamar kullum, na duba gefen nan inda H da L suke zama, wato sukurorin saita mai a kafireta, wallahi babu ramin ma. Shekara da shekaru ina saita inji da kunne, ranar nan na tsaya ina kallon ƙarfe.

Ɗanlami: To me ke ba shi mai, Kawu?

Kawu Isa: Kafireta ce dai a ciki, har da siririyar robar nan da ke bugo fetur. Bambancin shi ne an sa mata ɗan bawul mai aiki da lantarki, sannan akwai ƙwaƙwalwa a jikin kwayil da ke lura da gudun inji da zafinsa. Ita ke buɗewa ta rufe, ta ƙara mai ko ta rage. Husqvarna na Suwidin su ma suna da irinta, AutoTune suke ce mata.

Habu: Ai abin da kunnenka ke yi ke nan.

Kawu Isa: Shi ne, kuma ba zan ɓoye ba, ta fi kunne sauri. Ni sau ɗaya nake saitawa mutum ya tafi. Ka ɗauki inji da aka saita a Jos, inda tudu ya kai mita 1,200 iska ba ta da kauri, an matse masa H. Ka sauko da shi Legas bakin teku, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. To a injin da ake haɗa fetur da baƙin mai, ƙarancin fetur ƙarancin baƙin mai ne. Zai yi ta ƙara mai daɗi, siririya, mai shi yana murna injinsa ya yi ƙarfi, kafin azahar fistan ya kama. Na sha buɗe silinda in ga gefen salansa ya yi zane kamar an ja ƙusa.

Ɗanlami: Kamar janareta Tiger ɗin maƙwabcina.

Habu: Kai Ɗanlami, kada ka fara!

Ɗanlami: Allah kuwa, Yaya Habu. Shi da murfin gora yake auna baƙin mai. Ran da ya samu kuɗi murfi uku, hayaƙi ya cika layi har sauro ya yi ƙaura. Ran da babu, murfi ɗaya.

Habu: Ran da matarsa ta auna fa?

Ɗanlami: Ranar sai an wanke fulogi sau biyu! Ƙarfe sha biyun dare ka ji yana jan igiya, gir, gir, yana salati.

Kawu Isa: Ku bar dariya, abin da ke kashe injuna ke nan. Stihl sun ce kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato mililita 100 a lita 5, kuma man da aka yi don irin wannan injin. Mutanenmu sai su zuba na mota, wani ma wanda aka juye daga inji. Kun tuna gurɓataccen fetur ɗin Fabrairun 2022, mai methanol? A makonnin nan robar kafireta na yi ta canzawa, wasu sun sandare kamar ganda. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kuma, mutum ba ya iya zubar da tsohon fetur, sai ya bar shi a tanki wata biyu ya yi danƙo ya toshe ƙananan ramuka. Wannan babu ƙwaƙwalwar da za ta hana.

Habu: Amma Kawu, da tsadar man nan, sabon bai fi sauƙin sha ba?

Kawu Isa: Ya fi, tun da ba ya barin mai ya yi yawa. Kuma ya fi tsohon Stihl 070 mai sukuru sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Amma ka tambayi kanka me ya sa masu yanka har gobe 070 suke nema. Inji ne mai cc 106, nauyi kamar jaki, sai dai in ya tsaya a tsakiyar daji, da sukundireba da ɗan fetur a murfi za ka kwance kafiretar a kan kututture ka wanke ka mayar. Kayansa kuwa ko'ina akwai. Mai ƙwaƙwalwa in bawul ɗin ya mutu, ko waya ta tsinke a ciki, sai an kai wurin dila mai na'urar da ke karanta shi. Mutumin da ya biya kuɗin mota ya shiga daji da yaransa uku, wa zai biya shi kwanakin?

Ɗanlami: Na mutumin Epe fa, bawul ɗin ne?

Kawu Isa: Ina! Matatar iska ce ta cushe da garin katako, ga tsohon fetur. Na wanke, na zuba sabon haɗi, na bar shi ya yi zafi, na sa shi a gungume mai kauri. Ina ji da kunnena yana gyara muryarsa da kansa. Sai da jikina ya yi sanyi.

Habu: Akwai ma wanda ba shi da kafireta gaba ɗaya, Stihl MS 500i na 2019, fesa mai yake yi kamar motar zamani. Na so mu yanke wa masu sauraro hukunci, wanne za su saya...

Ɗanlami: Yaya Habu, an fara kiran la'asar, ga mai janareta can tun ɗazu yana jiran Kawu.

Habu: To, mu ɗora a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kawu, ka zo mana da tsohuwar robar nan su gani.

Kawu Isa: Suna nan cike da gwangwani. Ɗanlami, miƙo min buta.