Arthur Foss: Tsohon Janwen Teku Da Ya Sha Da Ƙyar a Yaƙin Duniya Na Biyu

Akwai wani jirgin ruwa da ke ɗaure a gaɓar tafkin Union, a birnin Siyatul na Amurka. Jikinsa katako ne, tsawonsa bai kai mita 40 ba, sunansa Arthur Foss. Aikinsa jan wasu jiragen, wato janwe ne amma na ruwa.

A 1889 aka ƙera shi a Fotland, jihar Oregon, da sunan Wallowa, da injin tururi. Aikinsa na farko shi ne jawo manyan jiragen filafilai su shiga bakin kogin Kolumbiya, wurin da igiyar ruwa da tudun yashi suka cinye jirage ba adadi. Da aka shiga rububin zinariya a yankin Kulondaik na Kanada a 1898, ya ja kaya zuwa Alaska mai maƙwabtaka da yankin. Daga nan sai shekara da shekaru yana jan gumaguman katako zuwa masana'antu.

Kamfanin Foss ya saye shi a 1929. A 1934 aka cire injin tururin, aka sa masa na dizal mai ƙarfin doki 700, aka kuma raɗa masa sunan da yake amsawa yau.

To ga inda labarin ya yi zafi. A 1941 an ɗauke shi haya don kai kayan gini tsibirin Wek, can tsakiyar tekun Fasifik. Ya baro tsibirin a Disamba, yana jan jirage biyu marasa inji, sa'o'i kaɗan kafin jiragen saman Japan su yi wa wurin luguden bama-bamai. A cikin teku ma'aikatansa suka ji labarin harin da Japan ta kai wa Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawai. Ga jirgi da fenti fari da kore, ana hango shi daga nesa, ga tafiyar hawainiya saboda nauyin da yake ja. Sai suka kwaɓa fentin da ya rage musu da baƙin man inji, suka shafe jirgin ya yi duhu, suka daina magana ta rediyo. Sai 28 ga Disamba suka isa Honolulu, babban birnin Hawai. Waɗanda suka bari a Wek kuwa, wasu an kashe su, sauran sun faɗa hannun Japan.

A 1942 rundunar sojan ruwan Amurka ta karɓe shi, ta kira shi Dohasan, mai lamba YT-335. A 1947 ya koma hannun kamfaninsa, ya ci gaba da jan katako kamar ba shi ne ya je yaƙi ba, har 1968.

Tun 1970 ƙungiyar Northwest Seaport ke kula da shi, kuma a 1989, da ya cika shekara 100, aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasar. Injin nan na 1934 har yanzu shi ne a cikinsa.