Gidan da ba a ɗora nama: yadda za a ciyar da yara ba tare da sun rame ba

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Waɗanda ke tsaye a baya, akwai wuri nan gaba, ku matso, ba jarrabawa za a yi ba.

Tun farko bari in cire wa kowa shakku. Ban zo in ce nama haramun ne ba. Allah ya halatta shi, muna layya, muna yanka ragon suna. Amma akwai gidajen da ba sa cin nama, kuma kashi biyu ne. Wasu da gangan suka bari, kamar miliyoyin mutane a Indiya, musamman jihohin Gujarat da Rajastan, inda za ka samu tsoho ya haifi jikoki bai taɓa sa tsoka a bakinsa ba. Wasu kuma, irin namu, kasuwa ce ta hana su. Jikin yaro bai san dalili ba. Buƙatarsa ɗaya ce a gidajen biyu, shi ya sa dabarar waɗancan za ta yi mana amfani.

Me mutumin Gujarat ke ci? Gurasar alkama ko ta gero, da shinkafa, da miyar wake iri-iri, da ganye, sannan kindirmo a gefe. Ku lura da haɗin: hatsi da wake a kwano ɗaya. Akwai hikima a nan. Sinadarin gina jiki da ke cikin gero da dawa da masara yana da gibi, wani ɓangare nasa ya yi ƙaranci. Wake yana da wannan ɓangaren da yawa, shi kuma abin da wake ya gaza a kai, hatsi na da shi. In aka haɗa, sai su cike wa juna. To ai mu ma kakanninmu sun riga mu. Shinkafa da wake, koko da ƙosai, ɗan wake, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, alale da kunu. Babu wanda ya karanta musu littafi. Kuma ba dole ba ne a haɗa su a loma ɗaya, in dai cikin yini ɗaya ne, jiki zai yi aikinsa.

Wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa sinadarin gina jiki ne. Gyaɗa ma haka. Waken suya ya fi su, ya haura kashi ɗaya cikin uku. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Abin takaici, a wasu gidajen har yanzu ana kallon wake a matsayin abincin ranar da babu. Baƙo ya zo, uwar gida tana ba shi haƙuri wai "yau wake ne kawai". Ni dai ban ga abin ba da haƙuri ba.

Yanzu maganar cefane. Wake ya fi araha da kaka, kowa ya sani, matsalar ita ce ƙwari. Kada a zuba masa maganin ƙwari na feshi, don Allah. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar irin wannan guba da aka samu a ciki. Abin da wasu suka ƙi karɓa ba za mu ba 'ya'yanmu ba. Akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ana matse iskar a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu don rashin iska. In babu, jarka mai tsabta ta isa: a shanya waken ya bushe ƙarau, a cika jarkar har baki, a rufe gam, kada a riƙa buɗewa kullum. A ware na cin wata guda a wani mazubi daban. In kuɗin buhu ya fi ƙarfinki, ku haɗu ku uku ko huɗu, a aiki mutum ɗaya Dawanau ko kasuwar ƙauye mafi kusa, a raba da kwano. Ya fi sayen gwangwani-gwangwani a bakin layi nesa ba kusa ba.

Gyaɗa kuwa a tsince ta. Wadda ta yi baƙi, ta yi fumfuna, ko ta yi ɗaci, a zubar, akwai guba a ciki mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Awara ma ku riƙa yi a gida. A jiƙa waken suya ya kwana, a niƙa, a tace, a tafasa madarar sosai, a zuba ruwan tsamiya ko ruwan tsami, ta dunƙule, a juye a ƙyalle a danne da dutse. Wannan dusar da ta rage a matata, da yawanmu akuya muke ba wa. Ku gwada zuba kaɗan a ƙullun ƙosai ko a miyar kuka. Kuma ba sai an soya awara ta sha mai ba, a yanka ta a jefa cikin miya kamar nama.

To, mu zo kan yara, nan ne nake so ku ba ni hankalinku.

Wata shida na farko nono kaɗai, ko ruwa ba a buƙata. Daga nan a fara ƙara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kuskuren da na fi gani shi ne koko tsararo, ruwa-ruwa, ana ɗura wa yaro. Cikin yaro ɗan wata takwas bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. In kika cika shi da ruwan gasara, ya ƙoshi amma bai ci komai ba. Kunu ya yi kauri har ya tsaya a cokali. A soya gero ko dawa sama-sama, da waken suya, da gyaɗa, a niƙa su tare, a riƙa damawa, a ɗiga manja ko man gyaɗa cokali guda. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Gyaɗa guda-guda kuwa kada a ba ƙaramin yaro, tana shaƙe shi. Niƙaƙƙiya ce tasa. Madarar waken suya kuma ba ta maye gurbin nonon uwa ga jariri.

Sai ƙarancin jini. Wake da zogale da alayyahu da riɗi duk suna da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke buƙata wajen yin jini, amma na tsiro ba ya shiga jiki da sauƙi irin na nama. Yana son taimako. Abu mai bitamin C shi ke buɗe masa hanya: tumatir ɗanye a kan kwaɗo, lemun tsami a matse kan wake, goba ko lemu bayan an ci. Shayi kuma akasin haka yake yi, yana riƙe sinadarin. Saboda haka a raba shayi da lokacin cin abinci. Jiƙa wake kafin a dafa yana taimakawa, haka ma barin ƙullu ya yi tsami. Kanwa kuma a rage hannu. Na san tana sa wake ya nuna da wuri, itace ma tsada yake, amma tana kashe wasu bitamin. Jiƙon dare zai rage miki wutar.

Akwai abu ɗaya da duk wayonki ba za ki samu a tsiro ba, shi ne bitamin B12. Babu shi a wake, babu a zogale, kada wani mai tallan garin ganye ya ruɗe ki. Daga dabba yake zuwa: nama, kifi, ƙwai, nono. Jini na buƙatarsa, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ma haka. Babba yana da ajiya a hantarsa da za ta kai shi shekaru, shi ya sa zai ce miki "ni ƙalau nake". Ajiyar jariri kuwa kaɗan ce. In uwa mai ciki ko mai shayarwa ta rasa shi, nononta ma ya rasa, sai a ga yaro ya yi laushi, ya ƙi abinci, ya makara wajen zama da rarrafe, wani lahanin kuma ba ya gyaruwa gaba ɗaya. Ko a Indiyar da na ba da misali, duk da kindirmonsu, ƙarancin B12 ya yi yawa. Don haka in an fasa nama, kada a fasa nono da ƙwai. In kuɗin ƙwai biyu ne kawai a gidan, mai ciki da ɗan yaye su ne a gaba, maigida ya yi haƙuri. Na ji kuna dariya, amma ku faɗa masa ni na ce. Maganar wai ƙwai na sa yaro sata, ba ta da tushe. Nonon da aka saya a ƙwarya kuma, in ɗanye ne a tafasa shi kafin a ba yaro. Wanda ya bar nama da ƙwai da nono gaba ɗaya, wannan sai ya sha ƙwayar B12, ya je asibiti a rubuta masa.

Na ga hannu a can. Bismillah, Hajiya.

Tana cewa jikanta ba ya cin wake, da ya ci sai cikinsa ya kumbura. Hajiya, a surfe waken a cire ɓawon, a yi masa alale mai laushi ko faten wake, a fara da cokali biyu, a riƙa ƙarawa a hankali, ciki yana sabawa. In ya ƙi yau, a sake kawowa jibi ba tare da tsawa ba, a bar shi ya ci a kwano ɗaya da yayyensa. Amma in kumburin ya zo da gudawa da ba ta tsayawa, ko kika ga ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, wannan ba maganar wake ba ce, a kai shi asibiti a ranar. Sai tambaya ta gaba.