Zangon Gidaje Masu Taya: Abin da Baƙon Wata Shida Yake Nema

Wani mai kula da zangon gidaje masu taya ne ya gabatar da wannan lacca ga wasu Hausawa mazauna yankin Houston a jihar Texas ta Amurka, aka rubuto ta daga sautin da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke nan gaba, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan uwa, barkanmu da yamma. Allah Ya saka wa waɗanda suka haɗa wannan zama da alheri.

A cikin shekarar nan kaɗai mutum huɗu daga cikinku sun kira ni. Kowa da zancensa iri ɗaya: ya ga fili eka uku ko huɗu a bayan gari, yana so ya mai da shi wurin da motocin nan da ake kira RV za su riƙa sauka. Ga waɗanda ba su daɗe da zuwa ƙasar nan ba, su ne gidajen nan masu taya da kuke gani a kan babbar hanya, wani da injinsa, wani kuma motar akori-kura ce ke jansa. A ciki akwai gado, da kicin, da banɗaki. Wurin da suke sauka kuwa, ni zango nake ce masa, domin aikinsa ke nan. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro sun san darajar zango mai ruwa da mai masauki nagari.

Uku daga cikin mutum huɗun nan, abin da suka fara turo mini a waya shi ne hoton wurin ninkaya. Na fahimci dalili, shi ne abin da ake nunawa a talla. To amma ku da kanku kun ce baƙin da za su daɗe kuke so, masu biyan wata-wata. Wanda zai kwana biyu da 'ya'yansa lokacin hutu, shaƙatawa ta kawo shi. Wanda zai yi wata shida, zama ya zo yi. Zai tashi da asuba ya tafi aiki, ya dawo a gajiye, yana so ya tarar da wuta, da ruwa, da wurin da zai wanke kayansa. Mafi yawan kuɗinku a ƙarƙashin ƙasa za ku binne shi, inda babu mai ɗaukar hoto.

Su wa ke yin wannan dogon zama? Akwai ma'aikatan rijiyoyin mai a wajen Midland da Odessa. Akwai masu walda da masu ɗaura bututu da ke aikin gina masana'antun iskar gas a bakin teku, irin su Freeport da Sabine Pass. Akwai nas-nas masu yawo asibiti zuwa asibiti, waɗanda kwangilarsu galibi mako 13 ce. Akwai tsofaffi 'yan fansho da ke gudo wa sanyin Minnesota da Iowa da Kanada, su sauka a kudancin jihar nan, wajen McAllen da Harlingen, tun daga Nuwamba har Maris. Sannan akwai wanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsa a cikin gari, motar nan ita ce gidansa, ba shi da wani. Kafin ka biya ko dala ɗaya a kan fili, je ka zauna a yankin, ka ga wane ne a cikin waɗannan yake wucewa ta ƙofarka. Tsoho ɗan fansho yana son ɗakin hira da abokan zama. Mai walda kuwa wurin ajiye babbar motarsa yake so, da a bar shi ya yi barci.

Bari in fara da wuta, domin a nan aka fi yin kuka. Turken wuta, wato sandar da mota ke jona wayarta a jiki, iri biyu ne. Akwai mai amfiya 30, wanda ke ba da wat 3,600. Akwai mai amfiya 50, wanda layi biyu ne a cikinsa, yana ba da har wat 12,000. Kun ga ashe ba bambancin 20 ba ne kamar yadda lambar take nunawa, ya ninka sau uku har da ɗoriya. Na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya a kan rufin motar nan tana jan kusan rabin amfiya 30 ɗin. Manyan motocin da masu dogon zama ke saye kuwa biyu suke da su, wasu uku. Ku haɗa da tukunyar ɗumama ruwa da firji, sannan ku tuna yadda watan Agusta yake a nan.

Lokacin da muka karɓi wurin da nake kula da shi, mai gurbin ajiye mota 22, wanda ya ja wayoyin tun farko ya yi lissafi ne kamar ba za a taɓa kunna komai a lokaci guda ba. Wata rana da azahar, zafi ya haura 100 a ma'aunin Fahrenheit na ƙasar nan, layin baya gaba ɗaya ya ɗauke. Na fito na tarar da wata nas a tsaye a ƙofar motarta, da kayan asibiti a jikinta, idanunta jajur. Aikin dare ta yi, ta dawo ƙarfe takwas, za ta koma ƙarfe bakwai na yamma ta kula da marasa lafiya. Cikin motar ya zama tanda, domin bangonta siriri ne, ba ya riƙe sanyi ko na rabin awa. Ba ta yi mini faɗa ba. Tambayata kawai ta yi ko zuwa ƙarfe nawa. Har yau ina jin nauyin wannan tambayar. Da wata ya ƙare ta tashi, kuma ba ni da bakin cewa ta yi laifi. Sai da muka sake haƙa rami, muka sauya wayoyi, aka ƙaro taransifoma. Abin da muka kashe ya fi abin da za a kashe da an yi shi daidai tun farko, ga kuma baƙi suna zaune ana tone musu ƙofa.

Saboda haka kowane gurbi a sa masa turke mai amfiya 50 da 30 duka, a kuma sa masa mitarsa. Mai dogon zama ya biya kuɗin wuri daban, na wuta daban, gwargwadon abin da ya sha. In ka haɗe su wuri ɗaya, mai tattali zai riƙa biya wa mai barin na'ura a kunne ya tafi aiki. Amma ku sani, wutar nan ba hajar da za ka ci riba a kanta ba ce. Dokar Texas ta ɗaure mai zango a kan abin da zai caja ta mita, kuma ko babu doka, amana ce.

Sai ruwa da magudanar ƙazanta. Kowace mota tana da tanki biyu na ruwan datti, ɗaya na banɗaki, ɗaya na wanka da wanke-wanke. Baƙon kwana biyu zai iya tarawa, ya zubar a wuri guda idan zai fita. Wanda ya kafa motarsa, ya buɗe ɓangarorinta, ya shimfiɗa tabarma a waje, ba za ka ce ya harhaɗa komai duk mako ya ja ta zuwa bakin rami ba. Dole kowane gurbi ya sami bakin bututunsa, kuma a gefen direba, ta wajen baya, domin a nan mahaɗar motocin take. Na ga inda aka sa shi a ɗaya gefen, mutane suna jan tiyo ta ƙarƙashin mota. A kuma lura da gangara. Ƙazanta ba ta hawa tudu.

In filin yana bayan gari, babu magudanar hukuma, sokawe za ka gina, kuma sai da izinin ƙaramar hukumar yankin bayan an gwada ƙasar. Ƙasarmu ta nan wajen Houston yumɓu ce, ba ta shan ruwa da sauri. Kada wani ya yi maka lissafin wurin hutu, inda ake cika Asabar da Lahadi a watse Litinin. Naka a cike yake kullum, ana wanka, ana girki, ana wanki. In kuma rijiyar burtsatse za ka haƙa, akwai dokar tarayya ta ruwan sha ta 1974: da zarar wuraren da ka ja wa ruwa sun kai 15, ko kana shayar da mutum 25 na tsawon kwana 60 a shekara, ka zama mai ba jama'a ruwa. Gwaji zai hau kanka, da rahoto, da duban jami'ai. Wannan ba abin tsoro ba ne, amma a sa shi cikin kasafi tun kafin a sayi filin.

Waɗanda suke nan a watan Fabrairun 2021 ba sa bukatar in tuna musu da sanyin da ya sa miliyoyin mutane suka kwana cikin duhu a jihar nan. A wurinmu famfuna tara suka fashe a dare ɗaya, duk waɗanda kansu ke tsaye a fili ba rufi. Da gari ya waye ƙanƙara ce ke reto a jikinsu kamar an rataya kwalabe. Waɗanda suka tsira su ne irin famfon da bawul ɗinsa ke can ƙarƙashin ƙasa, ruwan yana komawa ƙasa idan an rufe. Yanzu duk irinsu muka sa. Kuma kowane layi yana da makullinsa, don idan bututu ɗaya ya fashe kada a kashe wa kowa ruwa.

Gurbin kansa fa? Babbar mota tana kai ƙafa 45 a tsawo. Faɗinta a kan hanya ƙafa takwas da rabi ne, amma idan ta tsaya ɗakuna suna turowa ta gefe. Ga motar da ta ja ta, wani lokaci ga ta matar gida. Kwaɗayin cusa gurbi 30 a filin da ya dace da 22 shi ke sa mutum ya buɗe tagarsa ya ga bututun ƙazantar maƙwabci a gindin teburin cin abincinsa. Mai kwana biyu zai haƙura. Mai wata shida zai fara neman wani wuri tun a makon farko. A yi daɓen kankare in akwai hali, in babu, tsakuwa da aka danne sosai a kan ƙasa mai ɗan tudu. Kuma don Allah a duba taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya. Guguwar Harvey ta 2017 ta zubar da ruwa sama da inci 50 a wasu sassan yankin nan. Fili mai araha a bakin rafi, akwai dalilin arahar.

Abin da ke saman ƙasa ba shi da yawa. Ɗakin wanki shi ne na farko, domin yawancin motocin ba su da injin wanki, kuma kayan mai aikin rijiyar mai ba a jira da su. Ya kasance da haske, da tsabta, a buɗe har dare. Intanet kuwa ya zama kamar ruwa. Na'ura ɗaya a kan rufin ofis ba za ta ratsa jikin motocin ba, sai an rarraba su cikin fili, ko a ja waya zuwa kowane turke. Sai wurin karɓar wasiƙu da kayan da aka yi oda, mai makulli, tunda mutum zai mai da adireshinka nasa, har magungunansa nan za a aiko. Sai bola mai murfi, nesa da inda ake kwana amma inda motar shara za ta iya juyawa. Sai banɗaki ko da guda biyu ne, saboda ranar da na cikin motar wani zai lalace, kuma a gina shi yadda mai keken guragu zai shiga, kamar yadda dokar naƙasassu ta 1990 ta tanada. Rumfa mai inuwa da benci ta wadatar a matsayin wurin hira. Wurin ninkaya kuwa kuɗin inshora ne, da magani, da shinge, da fargabar yaro ya faɗa. A ƙaramin zango na ma'aikata, ban ga abin da zai dawo maka da shi ba.

Ƙa'idojin zama a rubuta su, kowa ya sa hannu ranar da ya shigo: lokacin da ake yin shiru, yawan motoci, abin da aka yarda a ajiye a waje, ranar biya. A sa lauya ya duba takardar, saboda haƙƙin wanda ya daɗe a wuri ba ɗaya yake da na baƙon dare ɗaya ba. Masu aikin dare kuma a haɗa su layi guda, can nesa da ƙofar shiga.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu. Bismillah, Hajiya.

(Ta tambaya ko za a iya hana shigowa da karnuka, tunda iyalinta ne za su riƙa kula da wurin.)

Hajiya, na gane damuwarki, ni ma na yi ta. Gaskiyar magana, da yawa daga cikin masu wannan zama suna tafe da kare, musamman tsofaffi da masu zaman kaɗaici, kuma in kin hana gaba ɗaya za ki rasa baƙi masu yawa. Sannan karen da ke yi wa naƙasasshe jagora doka ba ta ba ki damar korarsa ba. Abin da muka yi shi ne, mun kewaye wani ɗan fili da waya a can kusurwar ƙarshe, nesa da ofis da ɗakin wanki, muka sa famfo da ledoji da kwandon shara. Ƙa'ida ita ce kare ba ya fita sai da igiya, kuma ba ya shiga ofis sai irin na jagorar nan. Inda nake salla a bayan ofis yana da ƙofarsa daban, da famfon alwalarsa. Shekara takwas ke nan, ban taɓa samun matsala da kowa a kan haka ba.

Akwai hannu a baya can. Malam, ɗaga murya kaɗan, na'urar ba ta jiyo ka.