Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaukar Karatu a Wurin Malamin da Kuka Saɓa Fahimta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a wannan fili. Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗalibi a Funtuwa wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ya ce a unguwarsu akwai wani dattijon malami da babu kamarsa a fannin nahawu, sai dai malamin ɗan ɗariƙa ne, shi kuwa a Izala ya tashi, kuma abokansa sun ja masa kunne cewa zama a zauren malamin zai gurɓata masa aƙida. Yana tambaya ko ya je, ko ya haƙura.

Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma shawararmu ita ce ka je, domin magabata sun riga mu taka wannan hanya. Muhammadu ɗan Hasan Asshaibani, ɗaya daga cikin manyan almajiran Imam Abu Hanifa, ya baro Iraƙi ya zauna a gaban Imam Malik a Madina kimanin shekara uku, alhali ya san makarantun biyu sun saɓa a mas'aloli masu yawa. Ya ruwaito Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imam Malik, daga gare shi, kuma a cikin ruwayar tasa yakan kawo hadisin yadda ya ji shi, sannan ya bayyana inda mutanen Iraƙi suka yarda da inda suka saɓa. Imam Shafi'i ma, wanda ya rasu a shekara ta 204 bayan Hijira, ya yi karatu a wurin Imam Malik da Asshaibani, ya kuma yi muhawara da Asshaibani.

A nan gida, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, amma da malamin ya tafi a kan kafirta masu aikata manyan zunubai, Shehu bai bi shi ba. Ya rubuta saɓaninsa ƙarara, bai kuma daina girmama shi da ambaton falalarsa a kansa ba.

Duk da haka, fargabar abokanka ba a banza take ba, domin wanda bai san hujjar abin da yake a kai ba, kowace iska tana iya kaɗa shi. Saboda haka ka sanar da mahaifinka da malaminka na farko kafin ka fara, kada ka tafi a ɓoye. Ka ɗauki littafinka, ka zauna a kan tabarma inda sauran ɗalibai suke zama, ka jira a zo kanka. Idan malamin ya faɗi abin da bai yi daidai da fahimtarka ba, ka bari sai mutane sun ragu, ka nemi hujjarsa cikin ladabi, sannan ka maimaita masa ita da bakinka har ya ce maka, "Haka nake nufi." Da yawa daga cikinmu muna yi wa magana raddi tun ba mu ji ta daga bakin mai ita ba, kuma wannan yana damun mu ƙwarai a wannan fili. Idan kuwa ka tarar zauren ya koma wurin zagi da kafirta Musulmi, ko daga wane ɓangare ne, ka naɗe littafinka ka yi sallama.

Muna fata za ka sake rubuto mana bayan wata biyu ko uku, ka gaya mana inda karatun ya kai.