Sitar a Bakin Turawa: Abin da Na Ji a Landan

Assalamu alaikum jama'a, yau dai sai kun yi haƙuri da ni, raina a ɗan jagule yake. Kun ga faifan nan da ke hannuna? Fam 30 na ba da, kuɗin cefanen kwana da kwanaki, kuma ko a jikina. Abin da ya ɓata min rai shi ne mai shagon tsofaffin faya-fayen garmahon, wani Bature mai furfura, da ya dube ni ya ce wai 'yan Beatles, mawaƙan nan na Liverpool, ne suka fito da sitar, abin kiɗan Indiya, duniya ta san ta. Wace duniyar? Mu da muka tashi da fim ɗin Indiya a Kano, tun muna zanen goyo wannan sautin yake kunnenmu. Iyayenmu ma a sinima suka ji shi, ba su jira wani ɗan Liverpool ba.

To amma gaskiya ɗaya ce, a wajen Turawa su suka buɗe ƙofar. A 1965 George Harrison na Beatles ya kaɗa sitar a waƙar Norwegian Wood, shekara na zagayowa Brian Jones na Rolling Stones ya saka ta a Paint It Black, shi ke nan kowa ya rikice. Duk mai jita sai ya nemi wannan kukan. Har wani kamfanin Amurka, Danelectro, ya ƙera sitar mai aiki da lantarki a 1967, wadda in ka duba da kyau jita ce kawai aka yi mata dabara tana zuza. Gajeriyar hanya dai.

Ita kuwa ta ainihin, bari in matso da hoton bangon faifan ku gani. Gindinta duma ne, kamar gurminmu, sai dai wuyanta dogo ne ƙwarai, tsirkiya kusan ashirin. Shida ko bakwai kaɗai ake taɓawa, sauran suna kwance a ƙarƙashi, su da kansu suke amsawa in an kaɗa na sama. Makaɗin yana sa wata 'yar waya a ɗan yatsa, ɗaya hannun kuma ya ja tsirkiya gefe, sai ka ji sautin ya lanƙwashe kamar mutum yana kuka. Harrison dai ya yi ƙoƙari, ya tafi Indiya a 1966 ya zauna gaban Ravi Shankar, shahararren makaɗin sitar, ya ɗauki darasi. Shi Ravi kuwa shekaru ya kwashe a gidan malaminsa Allauddin Khan kafin ya fito fili. Shi ya sa abin yake damunsa, ganin matasan Turawa suna haɗa kiɗansa da shaye-shaye. A bikin kiɗan Monterey na 1967 a Amurka Jimi Hendrix ya cinna wa jitarsa wuta a kan dandamali, abin ya tayar wa Ravi hankali, don su Indiyawa kayan kiɗa girmama su suke.

Wannan faifan kuwa na Ananda Shankar ne, ɗan wan Ravi, na 1970. Shi ne ya burge ni. Ya ɗauki waƙoƙin Rolling Stones da The Doors ya kaɗa su da sitar, ga ganguna ga jita ga na'urar kiɗa ta lantarki mai suna Moog suna binsa a baya. Wato kun ari namu, to ga naku na ara, ku ji yadda ake yi. Wallahi da na sa shi a ɗaki jiya sai da na tuna daren Juma'a a gidanmu, ana rigimar wa zai zauna gaban talabijin. Kai, har ƙamshin gyaɗa soyayya na ji.

Af, maƙwabciyata ta buga min bango, gidajen nan bangonsu kamar kwali, ga haya tana cin rabin albashi. In kun zo ƙasar nan ku sayi abin sawa a kunne tun da wuri.

Sai gargaɗi na biyu. In kun je kallon kiɗan Indiya, kada ku yi saurin tafi. A 1971, wajen taron tara wa Bangladesh kuɗi a New York, Ravi da mutanensa suna saita tsirkiya ne kawai, jama'a suka ɓarke da tafi, sun zaci an gama waƙa. Ku jira ku ga abin da Indiyawan da ke kusa da ku suka yi tukuna. Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa Southall, unguwar Indiyawa a Landan, in tambayi kuɗin sitar ta gaske, in ya fi ƙarfina ku ma za ku ji.