Wa Ke Riƙe Da Ruwan? Lacca Kan Ba Da Hayar Filin Gwamnati Don Kare Dausayi

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, jama'a, barkanmu da warhaka. Na baya, kuna ji na? To madalla. An ba ni minti 40, kuma shugaba ya kwance agogonsa ya ajiye inda zan riƙa ganinsa, saboda haka saƙo ya iso. (dariya)

Abubuwa huɗu na zo da su. Na farko, me ya sa ake ba da haya maimakon a sayar. Na biyu, tsawon wa'adi. Na uku, ruwa. Na huɗu, kuɗi da sa ido.

Ranar 2 ga Fabrairu, 1971, a garin Ramsar na ƙasar Iran, aka amince da yarjejeniyar kare dausayi ta duniya, kuma yau ƙasashe sama da 170 ne a cikinta. Duk da haka, rahoton da ofishin yarjejeniyar ya fitar a 2018 ya ce tsakanin 1970 da 2015 an rasa kimanin kashi 35 cikin 100 na dausayin duniya, saurin ɓacewarsa ya ninka na dazuzzuka sau 3. In na ce dausayi ina nufin fadama, da bakin tafki, da gaɓar teku mai laka, da duk inda ruwa ke kwanciya wani ɓangare na shekara. Da yawa daga irin waɗannan wurare a hannun hukuma suke, don a da ba mai so. Sauro ne da taɓo. A Amurka har doka aka yi a 1850 da ta miƙa wa jihohi irin wannan ƙasa domin su tsane ta a noma.

To ga gwamnati da fili, ba ta da ma'aikatan da za su kwana a bakin ruwa suna ƙirga tsuntsaye. Ga ƙungiya da masana, ba ta da fili. Sayarwa kuwa rabuwa ce ta har abada da dukiyar jama'a. Sai a haɗu a tsakiya: ƙasa tana nan ta jama'a, aiki yana hannun wanda ya iya, in ya saɓa sharaɗi a karɓe. Dausayin Mai Po a Hong Kong ƙasar gwamnati ce, amma WWF, ƙungiyar kare muhalli da namun daji ta duniya, ke kula da wurin tun 1983. Faransa kuma a 1975 ta kafa hukumar da ke sayen filayen gaɓar teku ta riƙe, sannan ta damƙa kula da su ga ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi.

Bari in ɗan ratse, don wannan abin yana ba ni dariya. Yawancin dokokin hayar ƙasa an rubuta su ne da tunanin mai haya zai ɗebi wani abu: ciyawa, katako, ma'adini. Sai ga mutum ya zo da kuɗinsa ya ce ni zan biya ne don kada a ɗebi komai. A jihar Arizona ta Amurka wata ƙungiya ta nemi hayar filin kiwo na jiha, ta yi tayin da ya fi na makiyayan, ta ce hutar da ƙasar za ta yi. Hukuma ta ƙi, wai ai filin na kiwo ne, kai kuma ba ka da saniya. Sai da aka je kotun ƙolin jihar, a 2001 ta ce ba a watsar da tayi saboda wannan dalili kaɗai. Kun ji fa, sai da alƙalai suka zauna kafin a yarda cewa barin ƙasa ta huta shi ma amfani ne.

Na biyu... a'a, ku bar ni in tsallaka zuwa na uku, zan dawo. Ruwa nake so mu yi magana a kai, don nan ne yawancin yarjejeniyoyin hayar nan ke mutuwa, kuma nan ne masu rubuta su suka fi yin sakaci.

Ku ɗauki takardar haya. Me ke ciki? Iyaka daga nan zuwa nan, hekta kaza, shekara kaza, kuɗi kaza, ga taswira, ga hatimi. Ƙasa aka ba ka. Amma abin da ya mai da wurin dausayi daga wani wuri yake zuwa. Daga kogin da ya taso kilomita ɗaruruwa can sama yake zuwa, ko daga ƙarƙashin ƙasa, ko daga tashin teku. Kuma a yawancin ƙasashe ofishin da ke ba da fili daban, ofishin da ke ba da izinin ruwa daban. Mai fili ya sa maka hannu yana murmushi, an ɗauki hoto. Mai ruwa bai ma san an yi ba. Shekara 2 bayan nan ya amince a gina madatsa a sama, kai kuma kana zaune da takarda mai kyau da busasshiyar ƙasa. Kamar wanda ya karɓi hayar gida ne, aka ba shi ɗakuna duka, mabuɗin ƙofar zaure kuma yana aljihun maƙwabci.

Ku dubi Doñana a kudancin Sifen. Wurin nan ya zama gandun ƙasa tun 1969, kariyar da ta fi kowace haya ƙarfi. Tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Turai da Afirka nan suke yada zango. Ba wanda ya shiga ciki ya yi gini. Amma a kewaye ana haƙa rijiyoyin burtsatse, da yawansu ba izini, ana ban ruwan gonakin sitiroberi, ga kuma garin 'yan yawon buɗe ido a gefe yana sha. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san shinge ba. A 2021 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa Sifen ta gaza kare wurin. A 2022 tafkin Santa Olalla, wanda aka sani ba ya rabuwa da ruwa, ya ƙafe. A 2023 ya sake ƙafewa. To idan gandun ƙasa guda ya sha wannan, ina ga mai takardar haya?

Ina maimaitawa, don na ga wasu suna rubutu: iyakar da ke kan taswira ba ita ce iyakar ruwan ba.

Kuma abin yana da fuska biyu. Wani lokaci ruwan ne ba ya zuwa, wani lokaci kuma fita yake yi ta inda ba ka da iko. A tsakiyar Kalimantan ta Indonesiya, daga 1996, gwamnati ta so mai da hekta miliyan 1 na dajin fadama gonar shinkafa. Aka haƙa magudanai sama da kilomita 4,000. Shinkafa ba ta yi ba. Ƙasar wurin ruɓaɓɓen ganye da itace ne da suka taru cikin ruwa shekaru dubbai, da ta bushe sai ta zama makamashi, a 1997 wuta ta kama, tana ci ta ƙarƙashi. Yanzu idan aka ba ka hayar wani yanki a irin wannan wuri ka gyara, aikinka na farko toshe magudanai ne ruwa ya dawo. To magudanar ta ratsa gonar maƙwabcinka. Ka toshe, gonarsa ta jiƙe, ya kai ƙara. Ka bari, naka ya ci gaba da tsiyayewa. Wa zai biya shi diyya, kai ko mai ƙasa? In takarda ta yi shiru a nan, rigima ce aka ajiye wa gobe.

Ostireliya ta gane wannan da wuya, bayan fari mai tsawo. A yankin kogunan Murray da Darling, haƙƙin ruwa abu ne da ake saye a sayar dabam da ƙasa. Dokar ruwa ta 2007 ta kafa ofishin da ke riƙe ruwa da sunan muhalli, gwamnati ta sayi haƙƙi daga manoman da suka yarda su sayar, ana sako shi zuwa fadamu lokacin da kifi da tsuntsaye ke buƙata. Ana ta jayayya a kai har yau, garuruwan manoma da yawa ba su ji daɗi ba, kuma suna da hujjarsu. Amma aƙalla an amsa tambayar: ruwan nawa ne, na wa ne, yaushe za a sake shi.

Yaushe ɗin nan ma ku riƙe shi. Dausayi yana son ya cika, yana kuma son ya janye. Ka tsayar da ruwa a tsayi ɗaya shekara zagaye, ciyawa iri ɗaya ce za ta mamaye ko'ina, tsuntsun da ke kiwo a laka ya rasa inda zai sa ƙafa. A Mai Po ɗin nan, tsoffin kududdufan kiwon jatan lande ne a wurin, kuma babban aikin masu kula shi ne buɗe ƙofar ruwa da rufe ta, a rage ruwan kududdufi ɗaya bayan ɗaya lokacin sanyi don tsuntsaye su samu abinci. Saboda haka ni in an kawo mini yarjejeniya, shafin da nake fara nema shi ne wanda ya faɗi wa ke da ikon taɓa ƙofar ruwa, da tsayin ruwan da aka yarda a kowane wata, da sa hannun hukumar ruwa. In babu, sauran shafukan ado ne.

Shugaba ya ɗaga mini yatsu. To. Na huɗu ke nan ko? Na biyu ne na bari? Na gode, Malam. Wa'adi, a gurguje. Irin ƙasar nan ta ruɓaɓɓen ganye tana ƙaruwa da kusan milimita 1 a shekara. Mita 1, shekara 1,000 ke nan. Ka ba mutum hayar shekara 5 a kan wannan, ba zai zuba kuɗin toshe magudana ba, kuma bai yi laifi ba. Shi ya sa Peru ta ba da hayar dajin Los Amigos ta shekara 40 a 2001, a Katingan ta Indonesiya kuma aka ba da shekara 60. Amma dogon wa'adi ma yana son a riƙa dubawa duk bayan 'yan shekaru. Sannan siyasa tana juyawa: a 2024 hukumar filayen tarayya ta Amurka ta fito da ƙa'idar ba da haya don gyaran ƙasa, a 2025 sabuwar gwamnati ta fara shirin soke ta. Kuɗi kuwa, ko dai a karɓi ɗan abin shaida, ko a biya abin da manomi zai biya. Ni na fi son a bayyana kuɗin a fili kowa ya gani, ko nawa ne, don hayar da aka yi a ɓoye ita ke jawo zargi. Sa ido... sai wani jiƙon. Tambaya? Bismillah, Hajiya.

(Wata daga cikin mahalarta ta ce malam ya yi ta maganar ruwa da tsuntsaye, amma bai ce komai ba kan masunta da makiyaya da masu yankan ciyawa da ke cin abinci a wurin tun kafin a rubuta wata takarda.)

Hajiya, kin taɓo inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi. Filin da takarda ta ce na gwamnati ne, da wuya ka same shi ba kowa. Kuma sau da yawa mutanen nan suna cikin abin da ya sa wurin ya zama yadda yake. A Keoladeo ta Indiya, kusa da Bharatpur, ƙauyawa sun daɗe suna kiwon ɓauna a cikin dausayin. A 1982 aka hana, aka yi arangama da 'yan sanda, aka rasa rayuka. Bayan nan ciyawar da dabbobin ke cinyewa ta toshe fuskar ruwan, kuma binciken da masana halittu na Bombay suka yi shekaru suna yi a wurin ya nuna kiwon yana da amfani ga dausayin. An kori mutane, tsuntsayen ma ba su ci riba ba. Yarjejeniyar Ramsar kanta amfani cikin hikima ta ce, ba ta ce a kulle ba. Hukumar Faransa da na ambata tana ƙulla yarjejeniya da makiyaya su yi kiwo a filayenta bisa sharaɗi.

Don haka kafin a sa hannu, a je a zauna da su, a rubuta wa ke kamun kifi a ina, wa ke shigo da dabbobi, a wane wata, kai nawa. A sa wannan cikin takardar hayar kanta, ya zama haƙƙi da mai haya ba zai iya sokewa shi kaɗai ba. A ba su kujera a kwamitin da ke yanke lokacin buɗe ruwa, don masunci ya riga masani sanin makon da kifi ke shiga ciyawa ya yi ƙwai. In kuma dole ne a rufe wani ɓangare lokacin da tsuntsaye ke kwanci, a faɗi watannin tun farko, a faɗi inda dabbobi za su sha ruwa a wannan tsakani, a kuma faɗi wanda zai biya in an yi asara, mai haya ne ko gwamnati.