Darius Rucker: Daga Ƙungiya Zuwa Cin Gashin Kai

(Lacca ce da aka kwafo daga kaset)

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla. Abubuwa uku zan taɓo game da wannan bawan Allah, mawaƙi Darius Rucker: zamansa a ƙungiya, fitarsa, da abin da ya biyo baya. Shugaban taro ya ba ni minti ashirin, Allah Ya sa in cika alkawari.

Na farko dai. An haife shi a 1966 a birnin Charleston da ke jihar Carolina ta Kudu a Amurka, baƙar fata ne. A 1986 yana ɗalibi a jami'ar jihar, shi da abokansa uku suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Hootie & the Blowfish. Kada wanda ya ce in maimaita sunan, da ƙyar na furta shi. Mutane da yawa sun ɗauka shi ne Hootie ɗin, alhali laƙabin wani abokinsu ne, amma har gobe ana kiransa da shi a titi. Kundin waƙoƙinsu na 1994 ya sayar da kwafi sama da miliyan 20 a Amurka kaɗai. Miliyan ashirin fa, jama'a! A 1996 suka karɓi lambar Grammy, babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka. Daga nan kasuwa ta riƙa ja da baya, kowane kundi ya kasa kamo na gabansa.

Ku lura, ƙungiya irin tasu ba kamar ta makaɗanmu ba ce, inda akwai uban kiɗi ga 'yan amshi a bayansa, in an samu kyauta shi zai raba yadda ya ga dama. Su huɗun nan kansu ɗaya, hatta rubuta waƙa da sunansu duka ake sawa. Saboda haka wanda ya fita shi kaɗai, riba tasa ce, faɗuwa ma tasa ce, ba wanda zai ɗora wa laifi. Ya ma taɓa gwadawa a 2002 da wani kundi na salon da aka fi sanin baƙaƙen Amurka da shi, abin bai yi armashi ba.

To, ga inda nake son ku buɗe kunne. A 2008 kamfanin Capitol na birnin Nashville ya ɗauke shi don ya yi waƙoƙin kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, na manoma da makiyaya da direbobin manyan motoci. A harkar nan gidan rediyo ne sarki. In rediyo bai sa waƙarka ba, ko muryarka ta fi zuma zaƙi, a gida za ka sha abarka. Kuma al'adarsu ita ce sabon mawaƙi ya bi gari-gari, tasha-tasha, ya shiga ofishin mai tsara shirye-shirye da jitarsa, ya gaishe shi, ya zauna ya rera masa waƙa biyu uku, wani lokaci a gaban ma'aikata biyar suna cin abincin rana. Aikin yara 'yan shekara ashirin ne masu neman suna.

Shi kuwa shekararsa 42. Mutumin da ya saba cika filin wasa maƙil, ga lambobin yabo a ɗaki. Ya ɗauki jitarsa ya bi layi. Ya bi layi, jama'a! Ni wannan ya fi burge ni fiye da miliyan ashirin ɗin can. Don sunan da ka yi a cikin taro ba ya binka in ka ware, sai ka sake nemansa da ƙafarka. Mawaƙa nawa suka bar ƙungiya suna taƙama da tsohon suna, suka zauna jiran a zo a same su, shiru kake ji? Kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa wasu masu gidajen rediyon sun gaya masa ƙiri-ƙiri masu sauraronsu ba za su karɓi baƙar fata a wannan salo ba. Bai yi zuciya ba, ya wuce tasha ta gaba. Malam na gaba yana murmushi, ka san irin wannan bin ofisoshin ko? Ai mai neman aiki ya sani.

Kafin shekarar ta ƙare waƙarsa ta farko ta kantiri ta hau matsayi na ɗaya. Rabon da baƙar fata ya yi haka shi kaɗai a kantiri tun Charley Pride a 1983. Shekara 25 ke nan.

Na huɗu... a'a, na nawa muke? Na uku ko? To, a gurguje. A 2009 ya ci lambar sabon mawaƙi ta ƙungiyar masu kiɗan kantiri, sabon mawaƙi mai furfura. A 2012 aka shigar da shi Grand Ole Opry, babban dandalin kiɗan nan da ke Nashville. A 2014 wata Grammy, wannan karon shi kaɗai. Kuma ba faɗa suka yi da abokansa ba, a 2019 ma sun sake haɗuwa sun zaga ƙasa.

Hajiya na ga kin ɗaga hannu, bismillah.

(Tambaya daga cikin masu sauraro: shin kiɗan nan ba na Turawa ba ne tun asali?)

Allah Ya saka da alheri, Hajiya, kin sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Akwai wani abin kiɗa da suke kira banjo, wanda da shi aka gina wannan salo. Asalinsa daga bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne: ƙwarya a rufe ta da fata, a sa mata sanda da tsirkiya. Duk wanda ya taɓa ganin gurmi ko molo zai gane dangi ne. Daga baya aka sake masa gangar jiki da katako da ƙarfe. Sannan tun shekarun 1920 akwai baƙar fata mai suna DeFord Bailey da yake busa a dandalin Opry ɗin nan. Kamfanonin faifai ne suka raba kasuwa gida biyu a wancan zamanin, wannan na farare, wancan na baƙaƙe, don sauƙin ciniki. Shugaba yana nuna mini agogo. Hajiya, in an tashi ki tsaya, zan nuna miki hoton banjo na dā a wayata, ki faɗa mini da bakinki ko ba gurmi ba ne.